Buga Shi

A Nima, unguwarmu a Accra, jita ba mace ba ce. Mota ma haka, riga ma haka, har matar mutum in ana zancenta sai ka ji an ce shi ya tafi kasuwa. Hausarmu ke nan. Mun tashi tsakanin Dagomba da Zabarmawa da Kotokoli da mutanen Ga, kowa ya ɗauki abin da bakinsa zai iya ɗauka ya bar sauran. Yanzu da nake rubutu ina gyarawa gwargwadon abin da na tsinta a rediyo da littattafai, amma bakina bai gyaru ba. Haka kuma ba ma raba kiɗa da duka. Bahaushen arewa zai ce buga ta in jita yake nufi, ya ce buge shi in mutum ne. Mu duka biyun buga shi muke cewa.

Na fara taɓa jita ina saurayi, a bayan wani shago a Adabraka inda masu kiɗan hailaif suke gwaji. Mahaifina malamin allo ne. Ranar da ya ji labari ya sa aka riƙe ni ya zane ni da igiyar rijiya har bayana ya fashe, ni kuma da bayan ya warke na koma. Abin da ya ja ni ba waƙoƙin hailaif ba ne. Wani kaset ne na Turawa da wani matuƙin jirgin ruwa ya bari, inda mai jita yake gudu a kan tsirkiya kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na saurari kaset ɗin har ya tsinke, na liƙe shi, ya sake tsinkewa. Na riƙa bin sa da yatsu har kan yatsuna suka tsage. Ina shafa musu gam in ci gaba, jini yana bushewa a wuyan jitar. Da na kai shekarun aure, daga Nima zuwa Kotobabi babu wanda yake kama ni da gudu, kuma na san haka.

A wurina kiɗa faɗa ne. In an haɗa mu da wata ƙungiya a biki, ba na tunanin amarya ko masu rawa. Mai jitarsu nake kallo, in jira ya gama abin da ya iya, sannan in maimaita masa shi da ninkin sauri in ƙara nawa a kai. Yanka muke kiran wannan. Na yanka mutane da yawa. Wani ya ajiye jitarsa a tsakiyar fili ya tafi bai dawo ya ɗauka ba. Akwai wanda ya jefe ni da kwalba, tabon yana nan a goshina. Matasan layinmu, waɗanda suke zama a bes ɗinsu, wato majalisarsu, suna dafa shayin ataya daga safe har yamma, su ne mutanena. Masta suke kirana. Duk inda zan yi wasa suna baya, in na fara gudu su yi ta ihun wuta, wuta, kuma in wani ya yi mini tsaki su suke ba shi amsa. Kujeru sun sha karyewa saboda ni. Ban taɓa aika su ba, amma ban taɓa hana su ba.

Abin da zan faɗa bai faru ina yaro ba. Furfura ta riga ta cika mini gemu, ina da jikoki, matasan da suke bi na a lokacin 'ya'yan waɗanda suka bi ni da farko ne.

Mutumin da abin ya shafa daga Nijar ya zo. Yana aikin tsofaffin ƙarafa a Old Fadama, yana fasa firji da injin mota da guduma yana ciro tagulla. Shekarunsa ba su kai na babban ɗana ba. Siriri ne, mai dogon wuya, ba ya yawan magana. Na fara jin sa a wani suna a Maamobi da rana, inda na je a matsayin baƙo. Jitarsa haɗe-haɗe ce, wuyan daban, jikin daban, amfilifayarsa ƙarama da za ka ɗauka da hannu ɗaya. Da ya zauna na yi dariya a raina.

Ya taɓa tsirkiya ɗaya ya bar ta tana kuka. Bai bi ta da komai ba sai da ta kusa mutuwa, sannan ya ɗan tura ta sama da yatsa, ta lanƙwashe kamar muryar tsohuwa mai kiran jikanta. Ya ƙara biyu, ya koma ta farko. Haka ya yi ta zagayawa a wuri ɗaya kamar mai kaɗa molo, babban yatsansa yana riƙe da ƙasa, sauran suna magana a sama. Matan da suke raba tuwo suka tsaya da kwanoni a hannu. Wani dattijo Bazabarme da na san shi da tsanar kiɗa ya rufe ido yana kaɗa kai. Na dubi hannun hagunsa don in ga dabarar, ban ga komai ba. Yaron da ya yi wata shida yana koyo zai iya kai yatsunsa duk inda ya kai.

Na faɗa wa na kusa da ni cewa wannan bai iya ba, lalube yake yi. Amma da na koma gida na rufe ɗaki na gwada abin da ya yi. Na samo wuraren duka. Sai dai da na taɓa ta farko, kafin ta gama kuka yatsuna sun riga sun gudu sun cika wurin da wasu goma. Na sake, suka sake gudu. Ashe ban iya tsayawa ba. Shirun da yake bari tsakanin sauti da sauti tsoro yake ba ni, kamar a tsaya tsirara a kasuwa. Na ajiye jitar na fita, ban gaya wa kowa ba.

Bayan wasu makonni ya zo gaishe ni har bes, don ya ji an ce ni ne babba a wannan sana'a a unguwa. Ya durƙusa ya kira ni Baba. Matasa suka ba shi ataya suna kwaikwayon Hausarsa, suna ta ita, ita, ta ce, ta yi, shi kuma yana murmushi. Na nuna jitata na ce masa ya ɗauke shi ya gwada, sai ya waiwaya yana neman wanda zai ɗauka, aka fashe da dariya. Da ya gane ya ce a garinsu jita mace ce, kuma bai taɓa jin an kira ta shi ba sai a Accra. Ya roƙe ni in yi masa wasa. Na yi masa duk abin da nake da shi, har gumi ya jiƙa mini riga. Ya yaba sosai, ya ce bai taɓa ganin hannu irin nawa ba ko a bidiyon waya. Sannan ya yi tambaya, kuma na rantse da zuciya ɗaya ya yi ta.

"Baba, to yaushe take numfashi?"

Ya yi sallama ya tafi. Kafin magariba maganar ta zagaya layi, kuma ta canza kama. An ce ɗan gwangwan ya zo har gida ya ce Masta bai iya kiɗa ba. Na ji ana faɗin haka a gabana, na san ba haka ya ce ba, ban gyara ba, na ci gaba da shan ataya.

Bikin da abin ya faru a wani layi ne kusa da babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi. Dangin ango suka ɗauke mu. Uwar amarya 'yar Nijar ce, ita ta sa aka kira shi. An kafa rumfa, an jera kujeru, manyan lasifikoki namu ne, shi kuma aka jona masa tasa jitar a cikin kayanmu. Bayan la'asar muka fara. Na yi gudu kamar yadda na saba. Matasana suna can baya wajen bakin layi, don rumfa ta mata ce da manya, suna ta ihun wuta. Mata suna zaune suna fifita, suna hira, wasu suna duba waya.

Da aka ba shi fili ya zauna a kan benci ya fara abin nasa. Uwar amarya ta miƙe tun kafin ya yi nisa. Ta ɗaga hannu ɗaya tana juyawa a hankali, hawaye yana zuba, ba ta share ba. Sauran mata suka bi ta, har da na dangin ango. Wannan duk zan iya haɗiye shi. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne mai gangata. Mun yi shekara da shekaru tare, na san iyayensa. Sai na ji ya fara bin mutumin a hankali da gefen sanda, yana murmushin da ban taɓa ganin ya yi a bayana ba.

Ban jira ya gama ba. Na murɗa amfilifayata har ƙarshe na shiga kansa. Na yi wani gudu daga ƙasan wuya har sama na dawo, lasifika tana ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Mata suka toshe kunne. Ya tsaya. Na cire jitar daga wuyana, na riƙe ta da hannu ɗaya na miƙa masa, na ce a makirfo in shi makaɗi ne ya yi abin da na yi. Ya miƙe ya ɗaga hannaye biyu, ya ce Baba ba zai iya ba, wannan nawa ne, Allah ni ya ba. Wata mata ta ce to a bar shi ya ci gaba da nasa mana, mu rawa muke. Aka yi dariya. Ba mai yawa ba ce, amma na ji ta.

Bakina yana manne da makirfo na daka tsawa.

"Buga shi. Na ce buga shi!"

Jitar nake nufi. Tana hannuna a miƙe, duk wanda yake ƙarƙashin rumfa ya gani. Amma matasan da suke bakin layi ba sa ganin jitar, mutane sun tare su. Muryata kawai suka ji daga lasifika, suka hango kafaɗata ta nufi inda yake. Shi ma kansa bai gane ba. A kunnensa shi mutum ne, don haka ya juya baya yana duba wanda nake cewa ya buga. Yana cikin wannan juyawar na farkonsu ya iso, ya sauke masa katako a gefen fuska.

Ya faɗi a kan benci, bencin ya kife da shi. Suka rufe shi. Na ga sarƙar keke tana tashi tana sauka. Na ga wani ya naɗe kwaɗon ƙofa a cikin hula yana dukan haƙarƙari da shi. Kujeru suka tarwatse, tukunyar miya ta kife, mata suna ihu suna jan yara. Wani ya ɗaga jitarsa ya maka ta a sandar rumfa, wuyan ya rabu da jikin, tsirkiyoyi suka riƙe su suna reto, kuma da yake tana jone, ƙarar fashewar ta fito ta lasifika kamar bindiga.

Shi bai kare kansa ba. Bai rufe fuska ba. Ya cusa hannun hagunsa a ƙarƙashin ciki ya kwanta a kai, ya bar musu baya da ƙeya. Da haka suka gane abin da yake tsoro. Na ji ɗaya yana cewa hannun, hannun. Suka ja shi har bakin kwata. Mutum biyu suka danne shi, ɗaya ya murɗo hannun ya shimfiɗa shi a kan siminti ya taka wuyan hannun da takalmi. Akwai bulo da aka danne igiyar rumfa da shi.

Tsakanin katakon farko da bulon nan akwai lokaci. Ba zan ce kaza ne ba, amma ya isa mutum ya yi magana sau da yawa. Makirfo yana gaban bakina, lasifikokin da suka kai musu maganar farko suna nan a kunne. Waɗannan yara in na ce su zauna suna zama. Kalma ɗaya ce, ku bari. Ɗaya daga cikinsu ma ya ɗago ya dube ni, bulo a hannunsa, kamar mai jiran a ce masa wani abu.

Na mayar da maɗaurin jita wuyana na fara kiɗa.

Ban san abin da zan ce game da wannan ba sai dai in faɗe shi yadda ya faru. Na yi gudun da ban taɓa yi ba, kafin ranar ko bayanta. Yatsuna sun yi sauƙi kamar ba nawa ba. Ina kallon wuyan jitar, ban ɗago ba, amma ina jin saukar bulon ta ƙasan ƙafata. Ya sauka, ya sake sauka. Ihunsa ban ji ba, kiɗana ya rufe shi.

Mai gangata ne ya tashi ya fizge wayar wuta daga bango. Komai ya ɗauke. A cikin shirun na ji yatsuna suna ci gaba da karce tsirkiya babu sauti, na kuma ji numfashin mutumin, kamar na rago bayan wuƙa. Uwar amarya ta ratsa matasan da ludayin ƙarfe tana dukan duk wanda ta samu, wasu mata suka biyo ta da ruwan zafi, yaran suka watse ta lunguna. Ta cire mayafinta ta naɗe hannun. Kafin a naɗe na gani. Bai yi kama da hannu ba. Aka tare tasi aka tafi da shi asibiti, aka ɗauke amarya ta ƙofar baya. Mai gangata ya kwashe sandunansa ya wuce ta gabana bai dube ni ba, kuma bai sake yi mini kiɗa ba.

Manyan unguwa sun zauna a kan maganar a zauren mai unguwa. Aka kira ni, aka kira iyayen yaran. Na ce jita nake nufi, na ce a tambayi duk wanda yake ƙarƙashin rumfa. Aka tambaya, suka ce gaskiya ne, jitar tana hannuna a miƙe. Dattawan duk 'yan Nima ne, haka suke magana su ma, nan da nan suka gane. Wani ya girgiza kai ya ce wannan Hausa tamu wata rana sai ta kashe mutum. Aka ɗora laifin a kan yaran da kan harshe. Iyaye suka ɗauki nauyin magani, aka kori biyu daga cikin yaran zuwa ƙauye wurin dangi. Ba wanda ya tambaye ni abin da na yi bayan na ga sun fahimce ni ba daidai ba. Na fito ana ba ni hannu ana cewa ƙaddara ce.

Na daɗe ban je wurinsa ba. Sai da na ji an ce ya koma aiki sannan na hau mota zuwa Old Fadama da hantsi. Na same shi a tsakanin tulin ƙarafa, hayaƙin roba yana tashi a bayansa. Ya rame. Yana fasa wani injin da guduma a hannun dama, ya danne ƙarfen da gwiwar hannun hagu, don tafin ba ya riƙe komai. Yatsu uku sun ƙage sun lanƙwashe ciki, ɗan ƙaramin babu shi. Da ya gan ni ya ajiye gudumar, ya share wata tsohuwar kujerar mota ya ce Baba ya zauna. Ya aika a sayo mini ruwa.

Na tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Na tambaya ko likita ya ce yatsun za su saki, ya ce a'a, an ce haka za su zauna. Na ce ko zai gwada juya jita ya danna da dama, akwai masu yin haka. Ya ce ya gwada da ta wani, amma na hagun ba ya iya ko riƙe abin kaɗawa, kuma babban yatsan da zai riƙe ƙasa ba ya jin tsirkiya. Ya faɗi haka kamar mai ba da labarin wani.

Sai na fara abin da na shirya tun daga gida. Na yi masa bayanin Hausar Nima, na tuna masa cewa mu ba mu da kalmar ita, na ce Allah ne shaidata jitar nake miƙa masa. Ya bar ni har na gama. Ya ce ya sani, an yi masa bayani a asibiti, kuma shi da kansa ya ga jitar kafin ya juya. Ya ce wannan bai taɓa riƙe ni da shi ba, harshe ne, kowa da nasa.

Na ji nauyi ya fara sauka daga ƙirjina. Na buɗe baki zan yi godiya.

"Kiɗan ne ban gane ba, Baba," ya ce. "Kunnena yana kan siminti, ina jin ka sarai. Na yi ta jira in ji hannunka ya yi rawa ko sau ɗaya. Ba ka yi kuskure ko ɗaya ba."

Ruwan da aka sayo yana hannuna ban buɗe ba. Na ce ya yafe mini, muryata ta fito ƙasa ƙasa, ban san ko ya ji ba saboda ƙarar guduma da ke kewaye da mu. Ya dubi hannunsa na hagu. Sannan wani abokin aikinsa ya kira shi a zo a ɗaga firji, ya ce Baba ya yi haƙuri aiki yana jira, ya miƙe ya tafi ya sa kafaɗa a ƙarƙashin firjin.